Wa Ke Taɓa Madubin Hagu?

Jiya, ba ma da dare ba, da rana tsaka tsakanin azahar da la'asar, Kallamu mai gyaran agogo ya yi wani mafarki. Amma kafin a shiga mafarkin, gara a san abin da ya kwanta da shi a ransa.

Sati uku ke nan da ya sayi babur. Sabo ne fil, amma ƙirar da: fitila guda zagayayya, baƙin tanki mai zanen ruwan zinari, doguwar kujera, da salansa mai ƙyallin da mutum zai iya gyara hularsa a ciki. Ran da ya kawo shi, Jibo bakanike ya kafa masa doka. Har sai mita ta nuna kilomita ɗari biyar, kada ya wuce gudun arba'in, kada ya goya kowa, kada ya ɗora kaya. Sannan ya ƙara da wadda ta fi zama a kan Kallamu: sabon inji hannun wanda ya hore shi yake ɗauka, in hannu biyu suka haɗu a kansa, har ya tsufa ba zai san mai shi ba.

Kallamu ya riƙe dokar nan fiye da yadda Jibo ya yi zato. Kullum da sassafe zai kama hanyar madatsar ruwa, ya ratsa gonakin shinkafa a gudun arba'in cif, injin yana dukan nan nasa mai sanyi, dum-dum-dum, iska tana cika masa riga. Masu keke har kunyar wuce shi suke ji. Shi kuwa ko a jikinsa, rabon da ya ji daɗin duniya haka tun yana saurayi.

Sai madubi ya ɓata komai. Kwana tara a jere, in ya fito zaure da safe sai ya tarar madubin hagu ya ɗan karkata waje, ledar da ke kan kujera kuma ta yamutse. Wani ba zai lura ba, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen cikin agogo ba a yi masa haka. Ya zargi maƙwabta, ya zargi mai kawo ruwa, ya zargi kaza. A ƙarshe zargin ya tsaya a kan yayansa Nomau, wanda ɗakinsa ke kallon zauren. Nomau tsohon malamin allurar dabbobi ne, ya shekara talatin a kan babur ɗin gwamnati kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. Kallamu ya ce wa matarsa Tabawa ta gaya wa mutanen gida a taru a zaure bayan la'asar, yana da magana.

"A gaban jama'a, Malam?" in ji Tabawa. "Yayanka ne fa."

"Shi ya sa," ya ce, ya juya wa bango fuska. Mita tana kan ɗari huɗu da talatin da bakwai.

Yana rufe ido ya ga kansa a kan babur a bakin wani gari. Babur ɗin a tsaye yake, hanyar ce ke tafiya, ita ma a gudun arba'in. Garin duk yana cikin leda. Gidaje, bishiyoyi, rumfunan kasuwa, jakuna, babu wanda aka ɓare. Wani tsoho ya wuce da ledarsa tun daga wuya har idon sawu, ta yi rawaya don daɗewa. Kallamu ya ce a ransa yau ya zo garin masu hankali.

Daɗin bai daɗe ba. Ya lura duk wanda ya kalla sai ya kau da kai, kuma duk gefe guda suke kau da shi, hagu. A bayan kasuwa ruwan kududdufi yana tashi sama, ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yana jiran na gabansa ya wuce. Kallamu ya daɗe yana kallonsa. Ruwan da bai ga komai ba, me zai sa ya bar gari?

"Kai, tsaya," ya ce wa wani ɗigo. "Wa ke taɓa mini madubi?"

"Ni baƙo ne," in ji ɗigon, ya ƙara sauri.

Sai ga shi a ofis, shi da babur ɗin. A saman ƙofa an rubuta Ofishin Sanin Wa Ya Taɓa. Wata jar akuya ce a bayan tebur, da tabarau a ƙarshen hanci. Duk wanda ya cike takarda ya miƙa mata, sai ta karanta, ta buga hatimi, ta cinye. An ce a nan ne aka fi adana takardu a duk ƙasar, tunda ba a taɓa jin wadda ta faɗa hannun wani ba.

Da layi ya zo kansu, akuyar ba ta ko dubi Kallamu ba. Babur ta duba.

"Wannan naka ne?"

"Nawa ne, Hajiya," in ji babur ɗin. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, irin ta mai ladabi. "Sati uku ke nan da na same shi."

"Yaya kake jinsa?"

"Ba laifi. Ba ya cin mai da yawa. Sai dai har yanzu bai saki jiki ba, kuma yana wata 'yar ƙara da safe."

Kallamu ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne mai ƙara."

"Ka ji ta ko?" in ji babur ɗin.

Akuyar ta tura masa takarda. Tambaya guda ce a kanta: wa kake zargi? An bar masa layi ɗari biyar. Kallamu ya ji haushin ƙarancin wurin, amma ya daure ya rubuta suna guda a layin farko, Nomau. Akuyar ta karanta, ta cire tabarau, ta juyo masa da kunnenta. Akwai 'yar tsaga a jiki.

"Shi ya yi mini wannan, shekarar da ciwo ya shigo garke. Hannunsa ba zafi."

A ransa dai Kallamu ya rubuta cewa an riga shi zuwa ofishin nan, an gama da ma'aikata. Ya kuma lura ba ta cinye takardarsa ba, ta dai sunsuna ta tura gefe.

Sai ga shi kwance a garejin Jibo, a kan benci, babur yana zaune a inuwa yana jira. Jibo ya zo da sifana da tsohon kwano, ya kama diddigen Kallamu na hagu, ya kwance wani noti da Kallamu bai taɓa sanin yana da shi ba. Baƙin mai ya fara zuba, mai kauri, yana ƙarar tsakuwa a cikin kwanon.

"Juyen farko haka yake," Jibo ya ce wa babur. "Ƙarfe na cin ƙarfe a ciki, dole ka ga gari-gari."

Ya sa yatsa ya tsamo wani abu, ya ɗaga a rana. Sunan mai kawo ruwa ne. Ya sake tsamowa, ga sunan maƙwabci, ga na limamin unguwa, ga na wani mutum da ya taɓa tambayar Kallamu ƙarfe nawa a tasha shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Har kazar tana ciki.

"Shekararsa nawa?"

"Hamsin da biyu," in ji babur.

"Bai gama horo ba. Kada ka ɗora masa magana mai nauyi, kada ka bari ya yi tunani ya wuce arba'in."

Kallamu ya ɗago kai ya leƙa kwanon. "Jibo, ina na Yaya?"

"Wannan ya maƙale a ciki, Malam. Ba ya fita ta ƙasa."

"Kai ma da kai a ciki ke nan."

"Ga nawa nan ai," in ji Jibo, ya nuna masa. Da gaske kuwa yana ciki, har biyu.

Sai kotu. A gindin wata tsamiya ake yinta, tsamiyar saiwoyinta na sama, ganyenta na cikin ƙasa, amma inuwarta lafiya lau. Akuyar nan ce dai alƙali, ta canza tabarau kawai. Jama'ar gari sun zauna sahu-sahu, in ɗaya ya motsa sai ka ji ƙarar leda har baya. Yaya Nomau yana zaune a kan tabarma a gefe, da sandarsa a kan cinya, yana ɓare gyaɗa. Shi kaɗai ne ba leda a jikinsa, Kallamu kuwa ya ƙara wannan a cikin hujjojinsa.

Aka kira shaida. Wasu zabi biyu suka kwanto madubin hagu, suka kafa shi a kan turmi.

"Me ka gani?" in ji alƙali.

"Ni baya nake gani, ranki ya daɗe," in ji madubin. "Aikina ke nan."

"To nuna mana bayan."

Kallamu ya matso har hancinsa na taɓa gilashin. Ya zaci zai ga zaure da ɓarawo a kan kujera. Sai ya ga jar hanya ta ƙauye, da wani babur mai kama da nasa sak, sabo, da lambar gwamnati. Wani saurayi ne ke tuƙi, dogo, da jakar allura a rataye. A kan tanki an ɗora wani ɗan shekara bakwai mai ƙaton kai, ya kama kan babur, hannuwan saurayin sun rufe nasa.

"Wane ne wannan mai kan?" in ji Kallamu. "Ban yarda da shi ba."

"Kai ne," in ji madubin.

Hoton ya ci gaba. An tsaya a gindin kuka, saurayin ya shiga garke. Mai ƙaton kan ya tsinci ƙusa, ya zauna, ya fitar da harshe, ya rubuta harafin farko na sunansa a jikin sabon tankin, babba, har ƙarfe ya fito. Sai ga ofis, ga wani babban ma'aikaci yana dukan tebur, saurayin yana tsaye hularsa a hannu yana cewa, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙaya na shiga."

Kallamu ya tuna ranar. Ya tuna ko tsawa ba a yi masa ba, washegari ma aka sake ɗora shi a kan tankin. Kunya ta kama shi, ya kuma gane ta. Amma Kallamu ba ya sakin zargi don kawai ya ji kunya.

"Ranki ya daɗe, wannan tsohon zance ne. Ni na kwana tara na kawo. Kuma madubin nan da wanda nake ƙara sun saba, kowa ya gani."

"Me kake so kotu ta yi maka?"

"Babur nawa ne. Ina so ya san hannu ɗaya. Duk hannun da ba nawa ba, a cire shi."

Akuyar ta tauna wani shafi na littafin shari'a, ta haɗiye, ta jira ya narke. Sannan ta ce dokar ta fito sarai. Abin da aka yi wa inji, shi ake yi wa mai shi. In za a cire baƙon hannu, daga kan Kallamu za a fara.

"Ka yarda?"

Ya dubi Nomau. Nomau ya miƙo masa gyaɗa. Kallamu ya tabbata akwai wata manufa a cikin gyaɗar.

"Na yarda," ya ce.

Jibo ya zo da filaya. Ya kama bayan hannun Kallamu na dama, ya ɗago wani abu siriri mai kama da safar hannu, ya bi shi a hankali har ya fita gaba ɗaya. Hannu ne, dogo, mai tabon igiya a babban yatsa. Ya cire na hagun ma. Ba zafi ko kaɗan, sai dai sanyi da ya shiga yatsun. Aka naɗe hannuwan a takarda aka miƙa wa Nomau. Ya karɓa, ya sa a aljihu, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"To, Kallamu, sai wata rana," ya ce, ya kama hanya.

Sai ga Kallamu a kan babur, a hanyar madatsar ruwa. Yanzu hanyar ta tsaya, shi ake jira. Ya dubi hannuwansa, ya dubi kan babur, ya rasa wanne ke kama wanne. Ya taka birki yana neman giya. Ya matsa hon, fitila ta kama.

"Wa ya taɓa mini babur?" ya ce.

"Ba wanda ya taɓa ni," in ji babur ɗin. "Yanzu hannu ɗaya na sani, kuma hannun bai san komai ba. Riƙe dai, ni zan tafi da mu."

Suka tafi. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, iska ta cika masa riga, injin yana dukansa mai sanyi. Komai yana nan yadda yake so, amma daɗin ya ƙi zuwa. Can gaba ga Nomau yana ɗingishi da sandarsa, bai fi jifa guda ba. Allurar mita tana kan arba'in cif. Nomau yana taku ɗaya, ya huta, ya sake ɗaya, amma tazarar sai ƙaruwa take.

"Yaya!" Nomau bai waiwayo ba.

"Ina hanyar nan ta nufa?" Kallamu ya tambayi babur.

"Ban sani ba. Na dai san masu ƙafa ba sa dawowa ta nan."

Tsoro ya kama Kallamu, na gaske, irin wanda bai ji ba tun ran da aka binne mahaifinsu ya waiwaya ya ga Nomau kaɗai ya rage a bayansa.

"Ƙara gudu mana!"

"Totur a hannunka yake. Murɗawa kawai ne, wannan ko ba a koya maka ba ka iya. Sai dai saura kilomita sittin da uku. In ka wuce arba'in, ni da lafiya har abada."

Gaskiya ita ce Kallamu bai murɗa nan take ba. Ya dubi allurar, ya dubi tankin nan mai zanen zinari, har ya fara lissafin ko arba'in da biyar za ta isa. Ya ma ɗan yi tunanin ko haɗa baki aka yi da babur ɗin don a sa shi ya karya doka. Da ya ɗago, Nomau ya koma ɗan baƙin ɗigo a ƙarshen kwalta. Sai ya rufe ido ya murɗa totur har ƙarshe, injin ya kwarma ihu, ƙarar ta cika duniya.

Ashe injin markaɗen gidan maƙwabciyarsu Asabe ne, an tayar da shi don masu niƙan tuwon dare. Kallamu ya farka jiƙe da gumi, hannunsa na dama ya murɗe gefen matashi. Har an idar da la'asar.

Ya yi alwala a gurguje, ya yi salla, ya fito zaure ba ko hula. Bai tarar da taro ba, don Tabawa mutum ɗaya ta gaya wa. Nomau yana zaune a kan dakali, nesa da babur ɗin, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a.

"An ce kana da magana," in ji shi. "Bari in rage maka wahala. Ni ne."

"Yaya, bar zancen nan. Tashi mu je madatsar ruwa, in goya ka."

"Mita nawa take?"

"Ɗari huɗu da talatin da bakwai."

"To a'a. Kada ka ɓata inji don kana jin kunya. Ƙarasa abinka." Ya dogara sanda ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. "Ban taɓa tayar da shi ba, ƙafar ma ba za ta iya ba. Zama kawai nake yi in daidaita maka madubin. Yadda kake kafa shi, kafaɗarka kawai kake gani, tirela za ta zo har bayanka ba ka sani ba. Kwana tara ina gyarawa, kwana tara kana mayarwa."

Kallamu ya juya ya dubi madubin hagu.

"Na daina taɓawa," in ji Nomau daga bakin ƙofar ɗakinsa. "Amma don Allah, gobe kafin ka hau kwalta, ka waiwaya."